Wa Ke Biyan Kuɗin Abin da Muke Karantawa da Kallo?

Kukan da aka fi ji daga bakin iyaye da malaman makaranta a yau shi ne mutane sun daina karatu, talabijin da waya sun ɗauke musu hankali. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai ta tsaya a rabin hanya. Duk wanda ya lura da yadda magidanci ko matar aure ke tafiyar da yininsu a Kano ko Zariya ko Maraɗi zai ga ba a taɓa shan labari kamar yanzu ba: rediyo da asuba, saƙonnin WhatsApp da hantsi, fim mai dogon zango bayan isha'i. Tambayar da ta fi dacewa ita ce, wa ke ɗaukar nauyin duk wannan? Abin karantawa da abin kallo ba sa faɗowa daga sama. Akwai kuɗin takarda, da man janareta, da albashin ma'aikata, kuma hannu uku ne kawai ke iya biya: hukuma, ko mai karatu da kansa, ko mai talla. Ra'ayina shi ne ɗabi'armu ta karatu da kallo ta canja ne saboda hannu na uku ya rinjayi sauran biyun, kuma yawancinmu ba mu lura ba.

Hukuma ce ta fara riƙe ragamar. Gasar rubutun da Rupert East, jami'in gwamnatin mulkin mallaka, ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar, an yi ta ne don a samar wa makarantun boko abin karantawa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, a daidai lokacin da yaƙin duniya ke ƙaratowa kuma Turawa ke son a ji labari daga bakinsu. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007. Ba a tallar sabulu a waɗannan tashoshi, amma kowace akwai ƙasar da ke son a ji muryarta a cikinta. Ita ma Arewa24, da ta fara aiki a 2014, da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta tashi kafin ta koma neman kuɗinta daga talla. Faɗin haka ba zargi ba ne, domin waɗannan kafofi sun yi wa harshen Hausa hidimar da ba za a manta ba. Abin lura kawai shi ne banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma tun asali kowane shiri da ke shigowa kunnenmu yana da mai ciyar da shi.

Lokacin da mai karatu ya riƙe ragamar da hannunsa ya fi cancanta a tsaya a kansa. Daga tsakiyar shekarun 1980, da kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da wasu da dama suka biyo layi. Littafin siriri ne, takardarsa mai araha, ana jibge shi a shagunan Bata da Sabon Gari, daga nan dillalai su kwasa zuwa Sakkwato da Jos da Damagaram. Matar da ke cikin kulle takan aiki yaro ya sayo mata, ko ya karɓo haya daga mai tebur a bakin layi, littafi ɗaya ya zaga gida biyar har bangonsa ya yage a liƙe shi da salatif. Babu kamfanin da ya sa sisi a ciki, babu ofishin da ya tsara abin da za a faɗa. Saboda matan nan su ne masu biya, damuwarsu ce ta cika shafukan: auren dole, zaman kishi, saki ba dalili, yarinyar da aka cire daga makaranta. Littattafan da aka rubuta don aji ba su taɓa shiga waɗannan ɗakuna ba. Ƙona wasu daga cikin irin waɗannan littattafai da aka yi a Kano a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, shi kansa shaida ne cewa ana karanta su sosai.

Za a ce ai wannan adabin ma kasuwa yake bi, shi ya sa aka raɗa masa sunan adabin kasuwar Kano, kuma marubutan sun iya raba labari ɗaya zuwa kashi uku don a saya sau uku. Haka ne, kuma da yawa daga cikin littattafan ba su da nauyi. Amma cinikin a fili yake, tsakanin mutum biyu. Idan kashi na ɗaya bai gamsar ba, ba mai sayen na biyu, marubuci ya kwana da kayansa. Hukuncin yana hannun wadda ta karanta.

A rediyo da talabijin masu zaman kansu cinikin na mutum uku ne. Dokar 1992 da ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Yaɗa Labarai ta Ƙasa ita ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa a Najeriya, Freedom Radio ta fara watsa shiri a Kano a 2003, sannan tashoshi suka yi ta tsirowa. Mai sauraro ba ya biyan ko kwabo, to da me tashar ke rayuwa? Tana tara kunnuwa ne da shiri mai daɗi, sannan ta sayar wa mai talla minti ɗaya ko rabin awa na waɗannan kunnuwa. Gajeriyar talla da ake sakawa tsakanin labarai ba ta da wata illa sosai, kowa ya san ta da ya ji kiɗanta. Matsalar tana ga filin da aka saya sukutum. Mai gabatarwa zai yi sallama da muryar da aka saba ji a shirin lafiya, ya gabatar da baƙonsa da laƙabin dakta ko malam, a buɗe layi, wata baiwar Allah ta bugo ta ce shekara da shekaru tana fama da sanyi sai da ta sha wannan magani, sannan a jero lambobin waya da adireshin rassa. Magani ɗaya ne na basir da shawara da ciwon suga da rashin haihuwa. Tsohuwar da ke sauraro a ƙauye ba ta da hanyar sanin cewa an biya kuɗin kowane minti, har da tambayoyin da ake yi wa baƙon. Haka abin yake a filayen siyasa, inda sojojin baka ke yabon ubangidansu da sukar abokin hamayya a lokacin da aka saya musu, mai sauraro kuma ya ɗauka muhawara yake ji.

Fim ɗin Hausa ya bi wannan hanya a gaban idonmu. Tun daga Turmin Danya a 1990, kaset da faifai ne suka riƙa ciyar da masana'antar, wato mai kallo ke biya. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka durƙusar da kasuwar faifai, sai furodusoshi suka koma tashoshin talabijin da YouTube, inda irin su Labarina da Izzar So suka yi tashe daga 2020. Ƙa'idojin YouTube ba ɓoyayyu ba ne. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla a dogayen bidiyo sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Mai tasha yana samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar, kamfani ya riƙe saura. Bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya cusa wa talla a tsakiyarsa. Duk wanda ya fahimci waɗannan sharuɗɗa zai gane dalilin da ya sa labarin da a da ake gamawa a faifai biyu yanzu yake kai zango biyar, da dalilin da ya sa ake jan gaisuwa da tafiya a mota, da dalilin da ya sa kowane kashi ke yankewa daidai inda hankali ya tashi. Abin da ake aunawa shi ne tsawon lokacin da mutum ya zauna, ba gamsuwar da ya tashi da ita ba. Kuma da yake kuɗin da ake biya kan mai kallo a Najeriya ko Nijar bai kai na mai kallo a Amurka ko Ingila ba, dole furodusa ya nemi ciko. Shi ya sa jaruma za ta dakatar da labari ta shiga shagon atamfa da sunansa a rubuce ɓaro-ɓaro, ko ƙawarta ta ba ta shawarar inda ake sayar da kayan mata, a cikin maganar fim, da bakin wadda mai kallo ya riga ya ƙaunata.

Hujja mafi ƙarfi da masu kare wannan tsari ke da ita ita ce talauci. Takarda ta yi tsada, wanda ke neman na masara ba zai sayi littafi ba, kuma ba don talla ba da talaka bai ga fim ko ɗaya ba, da ɗaruruwan matasan da ke aiki a masana'antar suna zaune. Ban musa ko ɗaya ba, kuma ba na kiran a hana talla. Mai shago yana da haƙƙin sanar da hajarsa, tun zamanin 'yar talla da sanƙira ake haka. Amma 'yar talla da farantinta a ka take zuwa, kowa ya san abin da ya kawo ta. Sannan kallon da ake kira kyauta ba kyauta ba ne: mai kallo ya sayi data, ya biya cajin waya, ya ba da awa biyu na darensa, kuma idan ya sayi maganin da bai yi aiki ba ya sake biya a karo na huɗu, wani lokaci da lafiyarsa. Talaka ne ya fi kowa biyan wannan kuɗin na ƙarshe.

Wasu kuma za su ce mutane ba yara ba ne, sun san talla in sun gan ta. Da haka ne, da tsarin zuba kuɗi na damfara na MMM bai kwashe ajiyar ɗimbin 'yan Najeriya ba kafin ya rufe asusu a Disambar 2016, da CBEX bai maimaita irin wannan a Afrilun 2025 ba. Waɗanda abin ya ci ba wawaye ba ne, akwai malamai da ma'aikatan ofis a cikinsu. Labarin ya iso musu ne ta bakin wanda suka yarda da shi, ba tare da wata alamar cewa mai maganar yana da kamasho ba. Dokoki kuwa akwai su. Ba a yarda a tallata magani ba sai da izinin NAFDAC, kuma lambar da hukumar ke bai wa yawancin magungunan gargajiya tana nuna ba a ga cutarwa a cikinsu ba ne kawai, ba ta tabbatar da cewa suna warkar da abin da aka lissafa ba. Dokar 2022 da ta kafa ARCON, hukumar kula da talla, ta ce a tantance talla kafin a fitar, har da ta intanet. Amma babu hukumar da za ta iya bin kowane bidiyo da kowane zauren WhatsApp, don haka mafi yawan tantancewar ta dawo kan mai waya.

Shi kuwa karatu bai mutu ba, wuri ya canja. Marubuta mata da yawa yanzu a waya suke rubutu, su saki shafukan farko kyauta, wadda ta ji daɗi ta tura 'yan ɗaruruwan naira a sa ta a zauren da ake ci gaba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, tana karɓar labarai daga mata a kowace shekara, kuma gidajen rediyo suna karanta littattafai ga waɗanda ba su iya boko ba. Shi kuwa zauren nan na kuɗi na waya shi ne magajin teburin haya na bakin layi, shi ne wurin da ya rage inda marubuciya ke kallon fuskar mai karatu kai tsaye. Shafi kuma yana da wata daraja da allo ba shi da ita: ba ya buɗe na gaba da kansa kamar yadda YouTube ke yi, mai karatu ke yanke lokacin tsayawa. Abin takaici, mu masu karatun ne ke karya wannan hanya. Mutum ɗaya zai biya, ya kwafe littafin ya watsa wa ɗari. Marubuciyar da aka yi wa haka sau biyu ba ta da zaɓi sai ta fara cusa tallar turaren wuta da maganin mata a tsakiyar babi, kuma daga ranar ta fara rubutu da mai tallar a zuciyarta.

Saboda haka ya kamata gidajen rediyo da talabijin su riƙa faɗa a fili, a farkon shiri da tsakiyarsa da ƙarshensa, cewa wannan fili an saye shi, kuma wane ne ya saya. Furodusoshi su rubuta a allo duk inda aka biya su don a nuna kaya. Kai kuma mai karatu, idan aka turo maka littafin da ka san na kuɗi ne, kada ka tura wa wani, ka nemi lambar marubuciyar da ke shafin farko ka biya ta haƙƙinta.