Hali da Yanke Shawara a Sana'ar Ruwa: Misali daga Ƙasar Yawuri

Gabatarwa

Bahaushe ya ce hali zanen dutse. Wannan magana ta fi fitowa fili a sana'o'in da kuskure ɗaya kan jawo asarar rai. Su da fito a Yawuri da Ngaski da Shanga suna daga cikinsu.

Sauyin ruwa

Sarkawa da Gungawa sun gaji sanin Kogin Kwara kaka da kakanni. Amma da aka kammala madatsar Kainji a 1968, sai kogi ya zama tafki. Ruwa ya shanye tsibirai da dazuzzuka, ya ɓoye kututture a ƙarƙashinsa, iska kuma ta sami filin tayar da igiya. Sanin gado bai ƙara wadatarwa shi kaɗai ba, nauyi ya koma kan halin matuƙi.

Jarunta da ganganci

Hausa ta rarrabe waɗannan kalmomi biyu. Jarumi yakan auna haɗari kafin ya shiga, mai ganganci kuwa yakan afka ne kawai. Alal misali, idan hadari ya haɗo da la'asar, matuƙi mai natsuwa yakan ɗaure jirginsa a gaɓa, ko da an kira shi matsoraci. Mai garaje yakan ce zai riga iska hayewa.

Kunya

A 1974 Kirk-Greene ya lasafta kunya cikin halayen mutumin kirki, tare da haƙuri da amana. A tudu haka abin yake. A mafita kuwa, ranar kasuwa, jirgi yakan cika, sa'an nan dattijo ko suruki ya iso da kayansa. Matuƙi mai yawan kunya ba ya iya mayar da shi. In kwaɗayin kuɗin fito ya haɗu da wannan, lodi ya wuce kima.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, kimanin 20 kaɗai aka ceto da rai. Hukuma ta danganta abin da yawan lodi, lodi kuwa shawara ce da akan yanke tun a gaɓa.

Kammalawa

Saboda haka halin da ke tsare rai a ruwa shi ne riƙon amana, watau matuƙi ya iya cewa jirgi ya cika, ko wane ne ke tsaye a gabansa.