Daga Turai zuwa Kance: Yadda ake gane tsohuwar motar haya da aka kula da ita

A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka gano gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, kuma galibinsu daga yankin Kance suka fito. Ba hari aka kai musu ba. Motoci biyu ne suka ɗauko su, ɗaya ta lalace, ɗayar ta sauke fasinjojinta ta juya neman kayan gyara, ita ma ta mutu a hanya. Ƙishirwa ce ta ƙarasa sauran aikin. Gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku.

An yi ta magana kan talauci da masu safarar mutane, kuma maganar tana kan hanya. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne lafiyar motocin da suka ɗauke su. A Kance, da ma duk garuruwan da ke tsakanin Matameye da Damagaram ko Ɗan Barto da Daura, tsohuwar mota ce jarin mai gida, ita ce motar asibiti idan naƙuda ta zo da dare, ita ce kuma abin da ɗan ci-rani ke fara tunanin saya idan ya tara 'yan kuɗi.

Mota mai ɗaki da farashi mai jan hankali

Wanda ke zaune a Faransa ko Beljiyam ko Jamus ya san irin motar nan da Faransawa ke kira kamfin-kar: a gaba mota ce, a baya ɗaki ne mai gado da murhu da makewayi da tankin ruwa. Kamfanonin haya suna sayen su sababbi, su bayar ga masu yawon hutu a lokacin zafi, bayan kaka ɗaya ko biyu ko uku su sa su a kasuwa. Da yawansu a kan ƙirar Fiat Ducato aka gina su. Shekarunsu kaɗan, fenti na ƙyalli, farashin kuma ya sauka sosai idan aka kwatanta da sabuwa.

Ɗan ci-rani zai iya kallon irin wannan mota ta fuska biyu. Wani yana son ta don kansa, ya rage kuɗin masauki idan aikin gona ko na gini ya kai shi nesa. Wani kuma lissafin gida yake yi: a cire gado da kabad, a jera kujeru ko a mayar da ita ta dakon kaya. Ko wanne ne, abin da ya kamata ya fara sani shi ne wanda ya riƙe motar da yadda ya riƙe ta.

A nan motar kamfanin haya tana da wani alheri da ta mutum ɗaya ba ta cika samu ba. Kamfani yana kai mota sabis a kan lokaci, domin idan ya tsallake, garantin masana'anta ya faɗi, kuma shi zai yi asara. Sai dai wannan motar hannu da yawa ne suka tuƙa ta. Mai hayar mako guda bai saba da tsawonta ko faɗinta ba, ba ruwansa da kuloci, yakan goga rufin da reshen bishiya, ya hau bakin titi da taya, ya mayar da makulli ya tafi abinsa. Ga kuma nauyi: yawancinsu ba su wuce tan 3.5 a takarda ba don mai lasisin ƙaramar mota ya iya tuƙawa, amma ɗakin kansa ya cinye mafi yawan wannan nauyi tun kafin a zuba ruwa da kaya. Wato kullum a cike take tafiya. Saboda haka birki da kuloci da shokazoba sukan tsufa fiye da abin da mitar kilomita ke nunawa.

Takarda kafin makulli

Abin da ya bambanta sayen mota a Turai da saye a bakin tasha shi ne a can tarihin mota a rubuce yake, idan mai saye ya san inda zai nema.

A Faransa akwai shafin gwamnati mai suna HistoVec, kyauta ne. Mai motar ne ke shiga ya fitar da rahoto ya turo wa mai saye. Rahoton yana nuna ranar da aka fara rajistar motar, sau nawa ta canza hannu, ko ta taɓa yin hatsarin da ya kai a sa ƙwararre ya duba ta, da kilomitocin da aka rubuta a binciken lafiyar mota na hukuma. A Beljiyam kuma tun 2006 doka ta tilasta wa mai sayarwa ya ba mai saye takardar Car-Pass, wadda ke jera kilomitocin da aka rubuta duk lokacin da motar ta shiga gareji. Idan lamba ta hau ta hau sai kuma ta sauko, an taɓa mitar ke nan.

Amma akwai wani tarko. A Faransa sabuwar mota ba ta zuwa binciken hukuma na farko sai ta kusa cika shekara huɗu, daga nan kuma duk bayan shekara biyu. Motar hayar da aka sayar tana da shekara biyu ko uku ba ta taɓa shiga gaban mai bincike ba. A irin wannan hali shaidar da ta rage ita ce littafin sabis da rasiɗan gareji. Hatimi kawai a littafi bai isa ba, domin hatimi ba ya wuyar samu. Rasiɗi ne ke ɗauke da kwanan wata da kilomita da lambar shasi da abin da aka canza. Kamfanin da ya kula da motarsa ba zai ji nauyin fito da su ba. Wanda ya fara kame-kame, to ka san akwai abin da yake ɓoyewa.

Dalilin wannan taka-tsantsan ba ɓoyayye ba ne. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoba na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan tsofaffin motoci miliyan 14 daga Tarayyar Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Binciken da hukumomin Holan suka yi kan motocin da ke fita ta ƙasarsu ya nuna da yawa ba su da ingantacciyar takardar lafiya a lokacin da aka loda su. Unguwar Heyvaert da ke Burasel, inda dillalai suka daɗe suna tara motocin da za a kai Afirka ta Yamma, tana cikin dalilan da suka sa har yau muke cewa "Beljiyam" idan muna nufin tsohuwar motar Turai. Sunan na nuna inda mota ta fito ne kawai, ba ya nufin tana da lafiya.

Abin da ido da hanci za su gaya maka

A je ganin mota da safe, kuma a roƙi kada a tayar da ita kafin a iso. A dafa murfin inji, idan da ɗumi an riga ka. Injin da ya kwana shi ne ke faɗin gaskiya. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ta cin baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, tare da raguwar ruwan lagireto, yana nuna gasket ɗin kan inji. A buɗe murfin baƙin mai a duba ko akwai wani abu mai kama da kindirmo a jikinsa.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Mota mai ɗaki takan shafe watannin sanyi a tsaye, don haka tayarta na iya zama da zane cikakke alhali robar ta bushe ta fara tsagewa. Irin wannan taya ce ke fashewa a kan kwalta mai zafi a watan Afrilu. Haka bel ɗin taimin yake a injinan da ke amfani da shi: ana canza shi ne bisa kilomita ko shekaru, duk wanda ya riga cika. Idan ya tsinke a guje, sau da yawa sai an sauke inji.

Sai babbar cutar mota mai ɗaki, wato yoyon ruwa. Bangonta da rufinta gaɓa-gaɓa ne da aka haɗa da danƙo, a wasu ƙirar kuma akwai katako a ciki. Da zarar danƙon gefen taga ko na ƙofar rufi ya saki, ruwa zai riƙa shiga a hankali, katako ya ruɓe ba tare da an gani daga waje ba. Shi ya sa masana'antu ke sharɗanta gwajin yoyo duk shekara kafin garantinsu ya ci gaba da aiki. A nemi takardar gwajin kowace shekara. Sannan a shiga ciki a rufe ƙofa a shaƙa. Warin rima ba ya ɓuya, kuma turare mai yawa a cikin motar sayarwa shi kansa abin tambaya ne. A danna kusurwoyin cikin kabad da yatsa, a taka ƙasan gefen makewayi. Inda ya lotsa, a nan kuɗinka zai tafi.

Za ta iya da hanyarmu?

A ce duk wannan ya yi kyau. Saura tambayar da masu turo mota suka fi mantawa: wa zai gyara ta a Matameye?

Injinan dizal na zamani da ake sayarwa a Turai suna da matatar toka a salansa, da yawa kuma suna shan wani ruwa mai suna AdBlue, wanda idan ya ƙare kwamfutar motar takan hana ta tashi. An ƙera su ne don gazuwal mai tsabta sosai. Matatar SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011 tana nan, amma kowa ya san direban ƙauye ba kullum yake shan mai a gidan mai ba, wani lokacin na jarka ne a bakin hanya. Ƙura kaɗan ko ruwa a cikin man ya isa ya kashe allurar mai, kuma farashin saitinta na iya cinye ribar watanni. Ga dogon jikin da ya zarce tayoyin baya, wanda zai riƙa dukan ƙasa a hanyar burji da damina. Ba don ƙauyanci ba ne tashoshinmu suka cika da Toyota Hiace. Kayan gyaranta na nan a Damagaram da Maraɗi da Kano, kuma yaron bakanike ma ya san cikinta.

A ra'ayina, mota mai ɗaki ta fi amfani ga wanda zai yi aiki da ita a can Turai. Wanda ke son abin da zai ciyar da gida gara ya nemi bas ko motar kaya mai sauƙin inji. Kuma ya sa kuɗin hanya a lissafi: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Gaya da Malanbil, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada. Najeriya kuma ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017.

Idan a gida za a saya

Da yawa daga 'yan ci-rani ba sa turo mota, kuɗi suke turowa a saya a nan. To motar hayar gida labarinta daban ne. Direban da zai kawo wa mai mota balas kullum ba shi da dalilin ajiye ta kwana biyu a gareji, kuma babu littafin sabis da za a nuna maka. Tarihinta yana bakin mutane: bakaniken da ke duba ta, da 'yan kamasho, da karen motar da ya san sau nawa aka tura ta kafin ta tashi. A tambaye su, ba a gaban dillali ba.

A leƙa ƙarƙashinta a nemi sabon walda a jikin shasi. A bi bodin da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa ciko ne aka lulluɓe da fenti. A gwada lambar shasin da ke jikin ƙarfe da ta takardun duwan da na rajista, harafi bayan harafi, domin mota mai matsalar takarda ajiya ce kawai ga jami'an kan hanya. Kada a yarda da zagayen cikin gari. A loda mata buhuna, a kama hanyar Takeita, a sa ido kan allurar zafi, a saurari giya idan ana hawa da sauka.

Wanda ke Aljeriya ko Libiya ko Italiya kuma, hoton WhatsApp cinikin biri a sama ne. Ya ware kuɗin bakanike daban, wanda shi zai biya da hannunsa, ba wanda dillali ya kawo ba, tunda la'adar dillali ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Ya kuma bar wani abu a gefe don tayoyi da birki da canjin mai da lagireto, a yi su kafin fasinja na farko ya shiga.