Daga Yamai Zuwa Ruga: Yini Guda A Kan Hanyar Zumunci

Ƴan'uwa Musulmi, da yawa daga cikinmu mazauna birni muna da wani baffa ko kawu da bai bar kiwo ba. Yana can arewa da Dakwaro tare da garkensa, ƴaƴanmu kuwa sunansa kawai suka sani. Waya ta sauƙaƙa gaisuwa, amma ba ta nuna wa yaro fuskar dangin ubansa. Saboda haka muke ganin ya kamata maigida ya ware lokaci, ko da sau ɗaya ne a shekara, ya kwashi iyali ya kai su.

Tafiyar ba ƙarama ba ce. Wanda ya bar Yamai bayan sallar Asuba zai bi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ya wuce Galmi mai albasa, sannan Madawa da Gidan Rumji. A wajen Tsibiri, dab da Maraɗi, ake barin babbar hanya a nufi arewa, a lokacin an riga an ci fiye da kilomita 600. Bayan Dakwaro sai rairayi da sawun motoci. A nan ɗan birni yake buƙatar ɗan jagora, domin ruga ba ta da alama, kuma inda aka bar ta bara ba lalle a same ta bana ba. Kada a tashi sai an tambayi mutanen wurin halin tsaron hanya, kada kuma a yi tafiyar dare.

Shari'a ta yi wa matafiyi sauƙi, sai dai mutane da dama ba su san iyakarsa ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, ana ƙasaru a cikinta: Azahar da La'asar da Lisha su koma raka'a bibbiyu, Asuba da Magariba suna nan yadda suke. Ana farawa ne bayan an wuce gidajen gari. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, sai ya cika sallarsa. Mun sha ganin direba yana gardama da fasinjoji a kan tsayawa, alhali da an haɗa Azahar da La'asar a zango ɗaya da kowa ya huta.

Abin da ya fi damunmu shi ne nauyin da baƙo yake ɗora wa mai masauki ba tare da ya sani ba. Makiyayi ba ya cewa babu. Zai yanka akuya ko rago, ko da shi ne abin da ya tanada don sayen hatsi. Ruwan da yaron birni yake kwarara wa ƙafarsa kuwa, daga rijiya mai zurfi aka jawo shi da raƙumi ko jaki, wataƙila mace ta yi rabin yini kafin ta kawo shi gida. Mutanen da suka ga farin 1973 da na 1984, suka ga garke ya ƙare a idonsu, sun san darajar kowace guga. Don haka a zaɓi kaka, lokacin da tabkuna ke da ruwa, nono ya wadata. Zuwa a tsakiyar bazara da mota cike da baki, gaskiya ba taimako ba ne.

A riƙa tsaraba mai amfani: buhun gero, shayi da sukari, sabulu, kanwa ko dusa don dabbobi, da jarkokin ruwan da za su ishi baƙi kansu. Haƙƙin baƙunci kwana uku ne a Sunna, abin da ya wuce haka sadaka ce.

A bar yara su bi ƴan'uwansu kiwo, su ga tatsa, su ga yadda ake kaɗa nono a fitar da mai. Da dare a zaunar da su gaban dattijo ya lissafa musu kakanninsu. Idan hira ta yi nisa zai kawo maganar gonaki da suka cinye burtali, da dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, wadda yau manoma suka tsallake ta zuwa cikin kwarin Tarka. Kada a katse shi, ko da yara sun fara gyangyaɗi.