Yarinya a bayan kura: Yadda ɗan dabbar daji ke zama maraya kafin ya zama abokin yaro

A shekarar 2005 wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya iske wasu gardawa 'yan ƙasar Hausa a wata unguwa da ke wajen Abuja. Ayarin ya ƙunshi maza kaɗan da kuraye 3 da birai 4 da mesa, sai wata yarinya 'yar shekara 6, ɗiyar ɗaya daga cikin gardawan. Ɗan jaridar Najeriya Adetokunbo Abiola, wanda ya haɗa Hugo da su, ya ruwaito cewa yarinyar tana wasa da dabbobin babu ko ɗar, har takan hau bayan kura. Mahaifinta ya ce ta sha magani, an kuma yi mata wanka da shi, don haka ba abin da zai taɓa ta.

Hotunan sun zaga duniya. Ɗaya daga cikinsu ya ci kyautar World Press Photo a 2006, aka kuma buga su a littafi a 2007. Wanda yarinyar take ciki tare da wata kura mai suna Mainasara yana daga cikin waɗanda suka fi tsaya wa mutane a rai.

Turawa sun yi mamaki. Wanda ya tashi a jihar Tahoua, kamar Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, zai fi tuna baya ne kawai. Gardi da ganga da tallan magani tsohon abu ne a kasuwannin ƙasar Hausa, haka ma yaron ƙauye da ɗan biri a igiya, ko ɗan barewar da maharbi ya kawo gida ana ba shi nonon akuya. Shaƙuwar gaskiya ce. Yaro yakan rage kunun safe don abokinsa, dabbar kuma ta san muryarsa cikin ta yara goma.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ina uwar. Dabbar daji ba ta bayar da ɗanta kyauta. Ɗan biri yana manne ne a cikin uwarsa, kuma hanya mafi sauƙi ta raba su ita ce a kashe ta. Wato sau da yawa hannun da ya kawo marayan gida shi ne ya mayar da shi maraya.

Lamarin kura ya fi haka tsanani. Ana haihuwar ɗanta ido buɗe, haƙora a fice, amma yana shan nono fiye da shekara guda, abin da ba kasafai ake gani ba a dabbobi masu cin nama. A cikin garke yake koyon matsayinsa, a nan ma yake koyon farauta a hankali. Wanda aka cire daga rami tun yana ƙarami ya rasa duka biyun, kuma ko an sake shi daga baya da wuya ya ciyar da kansa, sai dai ya koma bin juji da awakin mutane, inda ƙarshensa guba ko harsashi.

Ga gidan da ya raine shi ma akwai ranar ƙin dillanci. Kura babba tana fasa ƙashi da muƙamuƙinta. Biri namiji idan ya balaga yakan fara cizo, kuma yara ne suka fi kusa da bakinsa. Cizon kura ko biri na iya ɗauke da ciwon haukan kare, wanda ake ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara. Karnuka ne ke jawo mafi yawan wannan adadi, amma likita ba ya wasa da cizon naman daji: a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti don allura.

A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998 ce ke tsara farauta da kare namun daji, kuma kama su sai da izinin hukuma. Wanda ya tsinci maraya a gona, jami'an gandun daji ya kamata ya nema. Kafin nan ma ya dakata, domin barewa takan ɓoye ɗanta a ciyawa ta tafi kiwo, kuma da yawa daga waɗanda ake ɗauka da sunan tausayi uwarsu tana nan kusa.

Yarinyar da ke hoton Hugo, in Allah ya yi mata tsawon rai, yanzu ta wuce shekara 20. A hoton ba alamar tsoro a fuskarta. Bakin Mainasara kuwa a ɗaure yake da takunkumi, sarƙa na wuyanta, wani babban mutum yana riƙe da ɗaya bakin sarƙar.