LAMBUN GADO A ƘASAR TURBA: DAGA JIGO ZUWA INJI

Duk wanda ya san ƙasar Isa da Sabon Birni ya san yadda ta kan koma in kaka ta wuce, sanyi ya shigo. Tudu ya kan bushe ƙayau, an kwashe gero da dawa, ba abin da ya rage sai kara. Amma da mutum ya gangara fadama sai ya tarar da ƙasa kore shar, fangali na bin fangali har iyakar gani. Wannan aikin masu lambu ne. Cikinsu kuwa akwai waɗansu gidaje 'yan kaɗan waɗanda sana'arsu ta wuce noman kayan miya. Su ne masu renon iri, watau waɗanda sauran manoma ke zuwa wurinsu sayen dashen albasa, da na tattasai, da na mangwaro. A kan waɗannan gidaje za mu yi magana yau, musamman na ƙasar Turba cikin ƙaramar hukumar Isa, domin mu ga yadda sana'ar ta sake kama daga hannun kaka zuwa na uba, daga na uba zuwa na jika, da kuma abin da ke neman kashe ta.

Ƙasa da ruwanta

Arzikin wannan yanki yana cikin kogunansa. Gagare da Bunsuru sun taso daga kudu da gabas, Gulbin Maraɗi ya faro daga ƙasar Katsina, ya ratsa Jamhuriyar Nijar, ya komo Nijeriya, su duka suka haɗu suka zama Gulbin Rima. A bakin wannan ruwa Gobirawa suka kafa Alkalawa, babban birninsu, wanda ya faɗi a shekarar 1808. Da damina kogunan su kan cika su malala, su bar laka mai kyau a fadama. Da rani kuwa, ko sun janye, ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin yashi. Abin da ya sa ke nan lambu ya daɗe a nan, tun kafin Turawa su zo.

Bari mu ɗauki gida guda misali. Ba za mu kira sunan kowa ba, gama labarin gidaje da yawa ne.

Zamanin kaka

Kakan gidan ya yi ƙarfinsa zamanin En'e. Lambunsa ɗan ƙarami ne, ya kewaye shi da shingen aguwa da ƙaya saboda awaki. Da jigo ya ke ban ruwa, watau doguwar sanda a kan gwafa, da guga a kai ɗaya, da curin laka a ɗaya kan. Tun asuba ya ke tsaye bakin rijiya yana ja yana zubawa, yaro na biye da ruwa da fartanya yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan. Ƙarfin damtsen mutum shi ne iyakar faɗin lambunsa.

Amma babbar dukiyarsa iri ce. In ya cire albasa ya kan ware manyan kawuna masu kyawun launi da ƙarfin ɓawo, ya ajiye su cikin rudu, wanda a ke yi da kara don iska ta riƙa ratsawa. In lokaci ya yi ya sake dasa su, su yi fure, ya tara 'ya'yan. Ya sani irin albasa ba ya jimre ajiya, in ya wuce shekara guda yawancinsa ba ya tsira, saboda haka kowace shekara sai an sabunta. Ya kan zuba iri, ya yi renonsa wajen kwana 40 zuwa 50, sa'an nan maƙwabta su zo su sayi dashe fangali fangali. Wanda ba shi da kuɗi a hannu a ba shi, in ya cire albasa ya biya. Ba takarda, ba shaida, sai amana.

Gidan kuwa gandu ne. 'Ya'ya maza, har masu aure, suna aiki ƙarƙashin mai gida, shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, kowane ɗa kuma yana da 'yar gayaunarsa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana wannan tsari cikin littafinta na shekarar 1972. A cikin gandu yaro ke koyon sana'a ba tare da ya san ana koya masa ba. Kafin ya yi aure ya san ƙasar da ta dace da tafarnuwa, ya san ganyen da ke nuna ƙishi da wanda ke nuna ruwa ya yi yawa.

A wannan zamani itace ba abin sayarwa ba ne. Gawo, da tsamiya, da kuka, da aduwa, Allah ne ke shuka su, manomi ya bari. Dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya, baƙo ne, asalinsa ƙasar Indiya, an fara shigo da shi Barno a shekarar 1928, daga baya ma'aikatan gandun daji na En'e suka yaɗa shi cikin garuruwa, ana dasawa a bakin kasuwa da filin makaranta. Renon itatuwa aikin hukuma ne a lokacin.

Zamanin uba

Uban gidan ya karɓi lambu cikin shekaru masu wuya. Farin shekarar 1973 ya ƙone amfanin tudu, ya kashe dabbobi, na 1984 kuma ya sake maimaitawa. Nan mutane suka gane wanda ke da fadama yana da rumbu na biyu. Ƙasar da da a ke ba da aronta kyauta sai ta yi daraja. A 1976 aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi, a 1978 kuma aka yi dokar mallakar ƙasa wadda ta sa filayen karkara ƙarƙashin kulawarsu. Gwamnati ta shiga gina madatsun ruwa: ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Zobe a ƙasar Katsina a 1983, ta Goronyo a kan Rima a 1984.

Amma abin da ya juya lambun talaka ba babbar madatsa ba ce, ɗan ƙaramin injin ban ruwa ne mai shan fetur, wanda mutum guda ke iya ɗauka. Ya fara yaɗuwa cikin shekarun 1980, tare da rijiyar bututu da a ke haƙawa cikin yini guda. Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa daga 1993, ya ƙara yawaita su. Ruwan da kaka ke ja yini zubur, inji ya kan zuba shi kafin hantsi. Lambu ya faɗaɗa, masu neman dashe suka ƙaru, motoci suka riƙa lodin albasa zuwa Ikko da Fatakwal. Irin albasar Galmi ta ƙasar Nijar, mai launin shuni, ya yi suna a kasuwanni, ya zama mai reno dole ya san iri fiye da guda.

A hannun uba ne kuma itace ya zama haja. Leda ta zo, aka iya renon mangwaro da gwaiba da lemo cikin 'yar jaka, a ɗora a keke a kai kasuwa. Ya koyi auren mangwaro, watau a yanko reshen itace mai daɗin 'ya'ya a haɗa shi da ƙaramin da aka shuka daga ƙwallo, a ɗaure har su kama juna. Mangwaron ƙwallo ya kan yi shekara biyar zuwa takwas kafin ya haihu, kuma ba lalle ya biyo uwarsa ba. Mai aure kuwa cikin shekara uku ko huɗu ya fara, kuma abin da aka ɗora shi za a ci.

Duk da haka, kowane allazi da nasa amanu. Inji na bukatar fetur, faɗin lambu na bukatar takin zamani da maganin ƙwari, duka kuwa da kuɗi a ke saye. Shi kuma ɗa da ya ga zai iya sayen injinsa, ba ya ganin dalilin zama ƙarƙashin gandu. Haka gandu ya fara warwarewa.

Zamanin jika

Jikan ya taso da waya a hannu. Kafin ya cire albasa ya ji farashin Illela da na Aliero. Yana sayen iri na kamfani cikin gwangwani, mai yawan yabanya. Sai dai yawancin irin nan haɗaɗɗe ne, in aka tara 'ya'yansa aka sake shukawa ba ya fitowa kamar na farko, saboda haka kowace shekara sai an koma kanti. Gidan da ya ke sayar da iri ya zama mai sayen iri.

Matsaloli uku suka taru a kansa. Ta farko rabon gado. Lambun da kaka ya riƙe shi kaɗai, in aka raba wa 'ya'ya, aka sake raba wa jikoki, sai kowa ya tashi da abin da ba ya ciyar da gida. Ta biyu tsada da annoba. A 2016 tsutsar da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye tumatir a jihohin Arewa. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Rufe iyakar ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da sake rufe ta Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, sun tsinke cinikin da ke tsakanin Gobirawan nan da 'yan'uwansu na Tsibiri da Maraɗi.

Ta uku, wadda ta fi duka ciwo, rashin zaman lafiya. Ran 27 ga Mayu, 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamba 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, Allah ya jiƙansa. Dubban mutane sun ƙaura zuwa jihar Maraɗi da cikin garuruwa. Ga mai reno wannan masifa ninki biyu ce. Manomin gero in ya gudu ya bar hatsi a rumbu, wataƙila ya komo ya tarar da wani abu. Amma dashe in ya kwana biyu ba ruwa ya mutu, irin albasa in ya tsallake shekara ya lalace, sanin da ke cikin kan tsoho kuwa in ya rasu a gudun hijira an binne shi tare da shi.

Ba mu kaɗai ba

Kada a ce wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A Ingila akwai gidan Veitch, mashahuran masu renon tsire-tsire, waɗanda suka yi zuriya biyar cikin sana'ar. Babban reshensu na London ya rufe a 1914 don ba magaji, na Exeter kuma aka sayar a 1969. A Faransa gidan Vilmorin, wanda asalinsa ya kai shekarar 1743, ya koma hannun ƙungiyar Limagrain a 1975. Bambancin kawai, su sun rubuta abin da suka sani, shi ya sa da gidajen suka tafi sanin bai tafi ba. Namu kuwa yawancinsa a baki ya ke.

Abin da za mu iya yi

Tsaron rai da dukiya aikin gwamnati ne, kuma in babu shi duk sauran magana banza ce. Amma akwai abin da ya rataya a wuyanmu.

Ku malaman makaranta, ku farfaɗo da lambun makaranta. Ku gayyato tsohon mai reno na garinku ya nuna wa yara auren mangwaro da zaɓen kan albasa, ku sa su rubuta abin da ya faɗa da Hausa, da sunan kowane iri da lokacin shukarsa. Littafin rubutu guda ya isa ya ceci sanin shekara sittin. In makarantar ta koma cikin gari saboda tsoro, ledar dashe hamsin ba ta cin filin da ya fi tabarma biyu.

Ku ma'aikatan hukuma, ku rubuta iyakokin lambunan fadama da sunayen masu su, domin ranar da masu hijira za su komo kada rigimar fili ta biyo bayan ta bindiga. In za a raba itatuwan dashe, kamar a shirin Babbar Koriyar Ganuwa wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, a sayi dashen a hannun masu renon gari. Mu kuma dubi maƙwabtanmu na Maraɗi, inda tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna gyara shi har ya zama itace, ba su kashe ko kwabo ba.

Ku kuma magada, Shari'a ta ba kowa rabonsa, mace da namiji, ba mai hana shi. Amma ba ta hana 'yan'uwa su san rabon kowa, sa'an nan su yarda da kansu su bar lambu a haɗe su riƙa raba amfani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da mutum guda ba zai iya saye ba, kamar injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, gida guda zai iya. Ko kuna shuka irin gwangwani, ku ware fangali biyu don irin kakanku, ku kuma ba wani dangi na nesa ajiyar kaɗan.

Kaka ya bar iri, uba ya bar inji da mangwaro mai aure. Sauran mu ga abin da jika zai bari. Allah ya kawo zaman lafiya ƙasar Gobir, ya mai da kowa lambunsa, amin.