Tsarin kwashe ɓaraguzai bayan ambaliya: misalin Filinge da ƙasar Kurfai

1. Gabatarwa

A daminar 2024 ambaliya ta hallaka kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Akan ƙidaya gidajen da suka rushe, amma ba a cika tambayar inda ɓaraguzansu za su tafi ba. Wannan ƙasida za ta duba batun a gundumar Filinge, jihar Tilaberi.

2. Irin ɓaraguzan

A garuruwan yawon buɗe ido na bakin teku, kamar Fuket ta Tailan bayan igiyar tsunami ta 2004, tarkacen siminti ne da katako da ƙarfe, kuma akan gaggauta kwashe su don baƙi su dawo. A Kurfai yawancin gini na laka ne. Abin da ruwa ke bari iri uku ne:

a) ƙasar bango da azara da kwanon rufi, waɗanda ake sake gini da su;
b) mushen dabbobi, da ruɓaɓɓen hatsin rumbu, da ƙazantar masai;
c) leda da batura da sauran shara.

Kashi na farko dukiyar mai gida ce. Na biyu da na uku su ne haɗari.

3. Matsalar wurin zubarwa

Filinge tana cikin Dallol Boso, inda ruwan ƙasa ba ya da nisa. Duk mushen da aka binne a kwari, ko sharar da aka cika kududdufi da ita, na iya gurɓata rijiyoyin sha da na lambu. Ɓaraguzan da aka tura cikin korama kuwa sukan toshe hanyar ruwa, sai ruwan da ya biyo baya ya karkata cikin unguwa.

4. Kammalawa

Saboda haka tun da rani ya kamata ma'aikatar magajin gari da masu unguwanni su keɓe fili a kan tudu, nesa da rijiyoyi, su rubuta sunayen masu amalanke, su kuma tsayar da jerin aiki: mushe da farko, sannan hanyar asibiti da kasuwa, sannan gidaje ta hanyar gayya. In an bari sai ruwa ya sauka, kowa zai zubar a ramin da ya fi kusa da shi.