Aradu, Jirgin Rakiyar Sojan Ruwan Najeriya

Mutumin Rurum da ya saba da kwale-kwalen dam ɗin Tiga zai sha mamakin NNS Aradu, domin tsawonsa ya kai mita 125. Aikinsa raka jiragen ruwa da kare su daga hari.

Kamfanin Blohm + Voss na Jamus ya ƙera shi, ya kama aiki a 1982. Shi ne ɗan fari a samfurin MEKO 360, sauran huɗun na Ajantina ne. Hikimar ƙirar ita ce igwa da makamai masu linzami kowanne da akwatinsa, ana cirewa a sauya ba a farke jirgin ba.

Ya halarci bikin tunawa da yaƙin Trafalgar a Ingila a 2005. Abin takaici, rashin gyara ya zaunar da shi shekaru a Legas.